'Yar Ɓarawon Jirgi

Hajiya Mahasin na zuba turare a kasko, sai mai gadin bene ya bugo waya, ya ce ga baƙi mata biyu suna hawowa. Ta san da zuwansu. Ta ba su lokaci kafin la'asar ne da gangan, domin bayan la'asar iyayen yarinyar da ɗanta Tarig ke nema za su zo ganin gida, kuma mutane ne masu bin asali har kaka da kakanni.

Duk unguwar Zamalek, da ma matan Hausawa na unguwar Ainu Shams da take shugabanta, sun san Ustaza Mahasin, tsohuwar shugabar makaranta, 'yar Malam Hasan na Fot Sudan. Hotonsa na rataye a falo, da rawani da tsagar gado a kumatu. Abin da ba wanda ya sani a Alƙahira shi ne, kafin rawanin, mai zuba kwal ne a jirgin ruwan wani kamfanin Turawa. Yaƙin Hitila ya rutsa da shi a tekun Girka, ya dawo gida da tabon bulala a baya, kamfani ya kore shi da laifin sata. 'Yar ɓarawon jirgi, haka yaran unguwa suke kiranta. Shi kuwa har ya koma ga Allah bai musa ba, bai kuma yi bayani ba. Ta yi karatu, ta bar garin, ta binne zancen.

Ta buɗe ƙofa. Lauya Rawan, matashiya 'yar Masar, ta shigo tana tallabe da wata tsohuwa ƙanƙanuwa mai suna Madam Rejina. Tsohuwar ta zauna daf da kaskon, ta zuba wa garwashin ido, ba ta taɓa shayin da aka ajiye mata ba.

Rawan ta yi bayani a natse. A shekarun yaƙin, kamfanin ya ba da jirginsa aka kwashi Yahudawan wani tsibiri, aka cusa su a rumbun kaya, zuwa tashar da jirgin ƙasa ke jiransu don kai su sansanin mutuwa. Kusan duka ba su dawo ba. Tsirarun da suka rage suna neman kamfanin ya amsa laifinsa a gaban kotu. Kamfanin kuwa ya kafe cewa sojoji ne suka ƙwace jirgin suka zuba nasu matuƙan, ba ma'aikacinsa ko ɗaya a ciki.

"Amma a wannan tafiyar ce suka kori wani mai zuba kwal," in ji Rawan. "Ba a korar wanda ba ma'aikaci ba, ya Ustaza. Idan 'yarsa ta tsaya ta shaida, ƙaryarsu ta ƙare."

Hajiya ta gyara zaman mayafinta. A gaban kotu ke nan, da 'yan jarida, da sunanta a haɗe da nasa. Kuma sai yanzu ta gane abin da ya fi korar muni. Idan mutane ne jirgin ya ɗauko, to ba kwal ɗin kamfani mahaifinta ya sata ba. Kayan bayin Allah ne da ake kai wa mutuwa: 'yan kunnen wata, agogon wani.

Ta saci kallon hannun tsohuwar. Ta taɓa karanta cewa waɗanda aka kai wancan sansani akan yi musu lamba a dantse. Wannan ba ta da lamba, sai wani tsohon tabon ƙuna. Zuciyarta ta ɗan samu madafa. Wataƙila ma 'yan damfara ne.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata, kun yi ɓatan kai," ta ce wa Rawan. "Mahaifina malami ne. Bai taɓa hawa teku ba sai da zai je Hajji."

Madam Rejina ba ta ji ba ma, don ta riga ta ɗaga kai tana kallon hoton bango. Ta dafa sandarta ta miƙe, ta matsa kusa, ta ɗaga yatsa tana bin layukan tsagar ta saman gilashin.

Daga titi aka ji kiran sallar la'asar. Wayar Hajiya ta yi ƙara: Tarig ne, sun taso, suna kan gada. Ta kashe. Ta dubi ƙofa, ta dubi tsohuwar da ta ƙi barin hoton, sai ta ji abin da ta danne tun tana yarinya ya taso mata.

"Khalas, shi ke nan," ta ce, sannan ta juya harshe zuwa Turanci, kanta a ɗage. "Shi ne. Ya yi sata, an yi masa bulala, ya tuba, ya mutu yana istigfari. Ba zan tsaya a kotu a yi ta yawo da sunansa ba. Ki faɗa mini abin da ya ɗauka naku, ko zinariya ce in mayar miki ninki yau ɗin nan, ku bar mini ubana ya kwanta lafiya. Me ya sata?"

Tsohuwar ta juyo a hankali, hawaye na bin kwarin fuskarta.

"Da suka isa tasha sojoji suka ƙirga mutane, suka ga babu ɗaya," ta ce. "A buhun kwal ya sa, ya zura wa wani masunci da igiya. Ba za ki iya mayarwa ba, 'yar'uwata. Ni ce abin da ya sata."