Kiran Ƙarfe Goma da Rabi

Sa hannu ɗari biyu da goma sha ɗaya telar ta tara, kuma da ƙafarta ta tara su. Ta rufe shagon ɗinki ranar aiki, ta bi iyaye gida-gida, ta tsaya a ƙofar makaranta da biro ɗaure da zare. Buƙatarta guda ce: kada ɗalibi ya sake shiga makaranta da waya.

Ba neman suna take ba. Ɗa ɗaya gare ta, ɗan shekara sha shida, shi kaɗai marigayi mijinta ya bar mata, sai Inna, tsohuwar mahaifiyar marigayin, da ke kwance a ɗakin tsakiya. Tun bara da muryar yaron ta buɗe, ta koma irin ta ubansa, ya canja mata. Malamin ajinsu ya ce kullum aka fita hutun ƙarfe goma da rabi sai ya sulale bayan ɗakin karatu, ya manna waya a kunne yana magana ƙasa-ƙasa, ya dawo aji ido jawur. Makinsa kuwa sai ƙasa yake yi.

Ta tsare shi. Da wa kake magana? Ya kawar da fuska. Buɗe wayar nan. Ya sunkuyar da kai. To, uwa ai ba yarinya ba ce, ta san wata 'yar mutane ce ta ɗauke masa hankali. Wallahi tsoro ta ji, tsoron kada ta rasa shi kamar yadda ta rasa ubansa.

Gidan ma ga nasa nauyin. Shekara uku ke nan da motar kayan da mijinta ke tuƙawa ta kife, an gaya wa Inna ya fi sau ashirin, tana kuka tana mantawa. Daga baya suka bar ta. Idonta ya dushe, ƙaramar wayarta mai maɓalli tana ƙarƙashin matashi, ba ta iya kira ba sai ɗauka. Duk yamma telar ta dawo daga shago sai tsohuwa ta washe baki.

"Maigidanki ya kira yau. Wai hanya ce ta riƙe shi, ya ce in ci abinci in sha magani."

"To, Inna, madalla," in ji telar, ta shige kicin ta share hawaye da bakin zane. Tsufa ke nan, Allah ya sa mu gama lafiya.

Ranar taron iyaye da malamai ta miƙe ta yi magana. Wani uba ya ce idan larura ta taso fa? Ta ce akwai waya a ofishin shugaban makaranta. Aka ɗaga hannu, dokar ta wuce, mata suka rungume ta. Ta ƙara da tata dokar a gida: ta karɓe wayar yaron sai bayan jarrabawa, kuma daga makaranta sai shagonta, ya yi karatu kusa da keken ɗinki inda idonta ke kansa.

Wayar na cikin jakarta. Kullum sai ta cika mata caji, tana jiran yarinyar nan ta kira ta ji muryar marar kunya. Ko sau ɗaya ba a kira ba. Kai, yaran yanzu da wayo!

A kwana na uku Inna ta ture kwano. A na biyar ta daina tsokanar jikanta, wanda da in ya shigo sai ta ce ga angonta marowaci, ko sabulu bai taɓa saya mata ba. Maƙwabciyar da ke leƙa ta da safe ta ce tun hantsi take rungume da waya har azahar.

"Ko na yi masa laifi ne?" tsohuwa ta tambayi telar. "Ki ba shi haƙuri. Ki ce ko fushi yake ya kira ya yi mini faɗan."

Likita ya zo ya duba, ya ce jikin da sauran ƙarfi, cin abincin ne babu.

A kwana na tara yaron ya durƙusa gaban keken ɗinki. "Umma, don girman Allah ki ba ni wayar. Minti biyu kawai."

Ba ta san lokacin da hannunta ya sauka a fuskarsa ba. "Kakarka na kwance rai a hannun Allah, kai waya ce a ranka? Tashi ka ba ni wuri!" Ya buɗe baki, ya dubi hoton ubansa da ke bango, ya dube ta, ya rufe. Ya koma kan littafinsa hawaye na ɗiga.

Inna ta cika ranar Laraba da hantsi, wayar a tafin hannunta.

Da masu ta'aziyya suka ragu, telar ta shiga kwashe kayan ɗakin. Ta naɗe tabarma, ta ninke zannuwa, ta ɗauki 'yar wayar za ta kashe. Sai ta ga jerin kiran da suka shigo. Suna ɗaya ne daga sama har ƙasa, "Ɗana", kullum ƙarfe goma da rabi, wata da watanni, har zuwa ranar taron iyaye. Layin marigayi ai tun shekarar da ya rasu aka rufe shi.

Yaron na tsaye a bakin ƙofa. Ta danna kira.

A cikin jakarta wayar da ta ƙwace ta fara ruri.