Hoton Sahun Gaba

"Rubuta 'magoya baya', ba 'gawarwaki' ba," in ji edita, yana kai-komo a bayan kujerar 'yar jaridar. "Ba ki ga hannuwa a sama ba? Murna ce."

"Ranka ya daɗe, so suke su cafko na kan dandamali su cinye."

"To, da can ma ba haka siyasar take ba?"

Ba ta yi dariya ba. Kwana tara ke nan da matattu suka fara tashi suna cizon masu rai. Gwamnati ta aiko wa jaridarsu ta intanet hoton nan na taron yaƙin neman zaɓe don a ce gari lafiya, kowa ya fito zaɓe. In ta wallafa, mutane za su buɗe ƙofofinsu.

Ta ƙara girman hoton, tana neman fuska ɗaya mai rai. A sahun gaba ta ga mijinta, wanda ya fita sayo magani bai dawo ba. Maɓallin wuyan rigarsa a karkace yake, babu mai gyara masa.

"Zan sa hoton," ta ce. "A shafin ta'aziyya, da sunansa a ƙasa."