Dambun da Laminu Bai Ci Ba

A duk Jibiya ba a taɓa dafa abincin soyayya kamar dambun Tsahara ba, in ji Tsahara. Likita a Maraɗi ya hana Laminu direba, mai zuwa zance wurinta, cin alkama, shi ya sa ta turara gero da zogale, ta zuba ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Tun zuwan Shari'a zance ya koma zaure, gaban mahaifinta. Ta ajiye kwanon, tururi na tashi a hankali tsakaninta da Laminu. Ta san al'ada: baƙo yana ci, amma mai neman aure ba ya cin abinci gaban surukinsa. Shi kuwa Laminu har yau bai furta maganar aure ba.

"Bismillah, Laminu," in ji tsohon.

Laminu ya dubi dambun, ya haɗiye yawu. Ya saci kallon Tsahara, ya sunkuyar da kai.

"Na ƙoshi, Baba."

"Kai da ka taso daga Maraɗi tun safe?"

"Ba ni iyawa, Baba."

Tsahara ta ja mayafi ta ɓoye murmushi, a ranta har an kawo lefe. Tsohon ya jawo kwanon, ya cinye tas, ya ce gishiri bai ji ba.