Bugun da Ba Ta Taɓa Ji Ba

Sau biyu nas ɗin tana ɗaura wa wata mai ɗinki abin awon jini a dantse, sau biyu tana girgiza kai.

"Yaya, jininki ya hau, sukarinki ma ya ɗaga. Wa ya rubuta miki ƙwayoyin tazarar haihuwar nan?"

Mai ɗinkin ta sunkuyar da kai. Ta ce ba wanda ya rubuta. Ƙanwarta ce ke karɓowa suna rabawa su biyu, shekara uku ke nan. Ciwon kai da ƙishirwa kuwa, keken ɗinki ta ɗora wa laifi.

"Ɗan abin da bai kai maɓallin rigar jariri ba, shi zai taɓa zuciya?"

"Jikinki daban, na ƙanwarki daban. Kin haura arba'in fa. Akwai maganin da zai karɓe ki, amma sai an auna."

Ganin ba ta gamsu ba, nas ta saka mata abin sauraren ƙirji a kunne, ta ɗora mata bakinsa a ƙirji.

Wani bugu ya cika mata kai, mai ƙarfi, mai gaggawa. Ciki biyar ta yi, kowanne an jiyar da ita bugun ɗan a ɗakin nan. Har ta buɗe baki za ta tambayi lafiyarsa, yadda ta saba, sai ta tuna babu kowa a cikinta.

"Ikon Allah! Zuciyata ce wannan?"

"Taki ce, Yaya. Tun kafin a haife ki take wannan aikin, ba hutu."

Ta riƙe hannun nas ɗin gam.

"Dakata, ƙanwata. Kar ki cire tukuna."