Gado na Tara

Kafin nas ta gama warware na'urar awon jini, tsohon ya riga ya naɗe hannun riga ya miƙa mata damtse. A ɗakin nan ba mai kiransa da suna, Gado na Tara ake ce masa. Wata biyu ke nan da maƙwabta suka kawo shi bayan ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofarsa, kuma tun ranar ba wanda ya zauna a kujerar 'yan dubiya da ke gefensa.

Ciwon nasa na tashi tsaye ne. In yana kwance lafiya lau, da ya miƙe sai duniya ta yi masa duhu. Harshensa ma ya yi nauyi. Da ya gaji da jin "Me ka ce, Baba?" sai ya bar magana gaba ɗaya.

Ran Talata da hantsi babbar likita ta shigo da ɗalibai goma sha biyu. Suka kewaye gadon, aka yaye bargo, ƙafafunsa suka bayyana kamar sillen kara. Ta sa aka auna shi a kwance, sannan mutum biyu suka tallafe shi suka tsayar. Shi ya fara duban agogon bango. Minti uku bai cika ba jininsa ya sauka, gwiwoyi suka saki, aka mayar da shi.

Ta tambayi dalili. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Leɓen tsohon ya motsa, ba wanda ya lura.

Sai ta yi musu bayani. In mutum ya tashi, jini kan gangara ƙafafu, nan take jijiyoyin saƙo su umarci hanyoyin jini su tsuke, don ya koma sama ya wadaci ƙwaƙwalwa. Na wannan bawan Allah sun daina kai saƙon. Ta ce su tuna mai ban ruwa da tiyo: in ya danne bakin da babban yatsa ruwa ya kai nesa, in ya saki ya zube a gabansa.

"Misalin ba nawa ba ne," in ji ta. "Na malaminmu ne. Mu ɗari uku a aji, da tiyonsa yake zuwa, ya jiƙa 'yan layin gaba sharkaf. Na ji an ce ya rasu tuntuni. Allah ya ji ƙansa."

Ɗalibai suka gimtse dariya suka ce amin. Ta dafa kafaɗar tsohon ta yi masa sannu, idonta na kan gado na goma.

Ya buɗe baki zai kira ta, harshen ya ƙi. Ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa, ya bi ta da ido. Ba ta canja ba sosai. A layin gaba take zama, daf da taga, kuma a duk shekarun da ya yi yana koyarwa, ba littafin da ya taɓa jiƙawa kamar nata.