Kalmar Ranar Alhamis

Sau huɗu Sahabi ya naɗi muryarsa ya tura, sau huɗu amsa ta dawo a rubuce: "Ba haka ba. Sake."

Kalmar kuwa *meticulous* ce, wai mai bin abu dalla-dalla. Ya wurgar da wayar kan tabarma, ya ja dogon tsaki. Shekara goma sha biyu yana jan kwale-kwale mai inji daga Warra bai taɓa kifar da fasinja ba, yau ga kalma guda ta kifar da shi a tsakar gidansa!

Wata ƙungiya mai raba rigunan ceto ke neman tafinta, mutum ɗaya tak, intabiyu ranar Alhamis a Yelwa. Ƙugun Sahabi ya gaji da zaman jirgi, wannan aikin yake so kamar ransa. To amma Turancinsa na sakandare ya ƙare a *good* da *very good*. Matarsa Zulai'atu ce ta samo masa lambar wani malami da ake kira Farfesa, wai ta hannun ƙawarta ta kwaleji.

Kai, Farfesan nan ba shi da daɗin sha'ani! Ba ya ɗaukar kira, ba ya turo murya. Kullum da hantsi, gida ya yi tsit, sai ga siffofin Turanci biyar sun faɗo, kowace ta fi 'yar'uwarta ƙashi: *resilient*, *treacherous*, *diligent*. Sahabi ya hardace a jirgi, ya hardace a bakin masallaci, harshe ya ƙi. Yabo kuwa ko na rana ɗaya bai samu ba.

"Mutumin ga mugu ne," in ji shi, da Zulai'atu ta dawo daga bandar kifinta. "Yau *obstinate* ya kira ni. Na duba, wai mai taurin kai! Ina ya san ni?"

"Ko in taya ka bita?"

"Ke? Mi kika sani? Turanci ba ƙayar kifi ba ne."

Ta ci gaba da jera tarwaɗa a kwando.

Ranar Alhamis ko kunu bai tsaya sha ba. Ya fice yana motsa baki kamar mai lazimi, kalmomi na hawa kan juna. A tasha ya matsa cikin motar Yelwa, dama saura mutum ɗaya ta cika. In wannan ta wuce shi, intabiyu ta wuce shi.

Direba ya tada inji, waya ta yi ƙara. Farfesa ne. Sahabi ya ciji leɓe don haushi, yau ma ba za a bar shi ya huta ba? Da ƙyar ya buɗe.

"Kalmar yau *oblivious*: wanda bai ganin abin da ke gabansa. Misali, mai zuwa intabiyu ya bar takardunsa a kan murfin randa. Ka ce wa direba ya dakata, maigida, ga ni nan tafe da su a kan kabu-kabu."