Gurmin Baba Gide

Ranar kasuwar Ƙanƙara, Baba Gide ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiyar da ke bayan rumfunan maɗinka, ya jera ƙananan gurmi guda biyar a gabansa. Da hannunsa ya yi su, da ƙoƙon duma da fatar guza. Ya kafa haɓarsa a kan sandar nasa babban gurmin, yana ja yana sassauta tsirkiya har ta yi masa yadda yake so.

Shekara uku ke nan da zuwansa daga Damari, bayan rasuwar matarsa. Wani manomi ya ba shi ɗaki a zaure. Ba ya zama majalisa. Idan aka gaishe shi ya ce "Madalla" da ƙarfi, ya wuce. Mutanen gari suka yanke cewa tsohon girman kai gare shi, suka ƙyale shi.

Kiɗansa ma ba mai nema. Biki na masu kalangu ne. A bana kuma wani ɗan kasuwa ya zo da garmaho, yara suka koma bakin rumfarsa suna kallon faifai yana juyawa. Abin da Baba Gide ke kaɗawa taken maharban dajin Sabuwa ne, guda tara, da ya koya wajen mahaifinsa. Duk wanda ya san su ya mutu, sai shi. Abin da ke hana shi sukuni ke nan: ranar da aka kai shi kushewa, tare da su za a rufe.

Don haka ya fara raba gurmi kyauta. Yara biyar suka karɓa. Uku suka tsinke tsirkiya suka gudu. Biyu suka zauna: Hajaratu mai tallan ƙuli-ƙuli, 'yar shekara bakwai, da ƙanenta Salihu. Sun sha gaya masa sunayensu, amma shi "Yarinyata" da "Ɗan Auta" yake kiransu.

Koyarwarsa daban ce. Sai ya zaunar da yaro dab da gwiwarsa, ya ɗora tafinsa a bayan ƙoƙon, ya zuba wa yatsu ido. Yatsa ya kauce, ya mayar da shi. In sun shiga surutu, ya ɗaga hannu.

"Ban son magana. Ku kaɗa."

Kafin kaka ta wuce sun iya take shida. A karo na farko tun barinsa Damari, Baba Gide ya fara sayen alewa yana ajiyewa a aljihu.

Wata ranar kasuwa mahaifin yaran, Zailani maɗinki, ya zagayo bayan tsamiya don ya ga tsohon da 'ya'yansa ba su da zance sai nasa. Ya tarar da shi kaɗai, ya ba shi baya, yana ɗaure tsirkiya. Ya yi sallama. Ya sake. Ya yi ta uku har maƙwabtan rumfa suka waiwayo. Tsohon bai ko ɗaga kai ba. Zailani ya koma gida ransa a ɓace, ya ce wa yaran kada ya ƙara ganin ƙafarsu a can.

Kasuwa ta ci, yara ba su zo ba. Ta sake ci. Baba Gide yana zaune yana duban hanya har inuwar tsamiya ta bar shi. Ya yi ta tunanin laifinsa. Ko ya matsa musu ne? Ko garmaho ya janye su? Bai tambayi kowa ba. Tururuwa ta cinye alewar.

Bayan kasuwa ta bakwai ya gaya wa manomin da ya ba shi ɗaki zai koma Damari, ya mutu kusa da kabarin matarsa.

Yana zaune kan ƙullin kayansa a tashar mota, sai ga yaran a guje, kowanne rungume da gurminsa. Labarin tafiyar ya kai gidansu. Duk makonnin nan a bayan rumbu suke ɓuya suna kaɗawa. Suka durƙusa dab da gwiwarsa kamar yadda suka saba. Ya ɗora tafi ɗaya a ƙoƙon Hajaratu, ɗaya a na Salihu.

Suka kaɗa shidan a jere. 'Yan dako suka sauke buhuna. Mata masu fura suka matso. Wani tsohon Bafulatani ya dogara da sandarsa yana gyaɗa kai, ya ce rabonsa da jin wannan take tun yana kiwon maruƙa.

Zailani, wanda ya biyo su da tsumagiya, ya tsaya a bayan taron. Bai san lokacin da ta faɗi daga hannunsa ba. Da suka gama ya ratsa mutane, ya tsuguna gaban tsohon, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni na hana su zowa. Na yi maka sallama har sau ukku ba ka amsa ba, na ji zahi. Ka yahe mani. Ka zamna ka ƙarasa masu sauran. Ka dai ji yadda suka kaɗa."

Shiru. Mutane suka fara duban juna. Zailani ya ji kunya ta rufe shi, ya yunƙura zai tashi.

Sai Baba Gide ya miƙa hannu, ya tallafi haɓarsa, ya ɗago fuskarsa a hankali.

"Ɗana, maimaita, amma ka bari in ga bakinka," in ji shi da ƙarfi. "Kuma ka hwaɗa mani ko kiɗan nasu ya yi daɗi. Ni tun shekarar sanƙarau, bana bakwai ke nan, kunnena bai ƙara jin komi ba."